Zuwa ga Edita: maganar “afgired” ɗin bankuna, daga bakin wanda ya sha kwana a ɗakin kwamfuta

Assalamu alaikum Malam Edita. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wagga jarida tamu mai farin jini in amayar da wani abu da ya daɗe yana ci mani tuwo a ƙwarya. Wasiƙar za ta yi tsawo, ka yi haƙuri da ni don Allah, maganar ce ba ta yankuwa.

Ƙanena ɗan kasuwar hatsi ne a nan Gusau, waken suya da masara da dawa yake saye, yana bin kasuwanni har Talata Mafara, kuma mafi yawan kayan bashi manoma ke ba shi saboda sun san shi sun san ubanshi, in ya sayar ya kawo masu kuɗinsu. A kakar 2024 ya loda mota guda ta waken suya ya sayar ma wani mutumin Kano, mutumin ya tura kuɗi nan take a gabanshi, ya nuna mashi alat an cire daga asusunshi, amma shi nashi asusun shiru. Kwana ɗaya, kwana biyu, har kwana shida. Kullum da ya sallame sallar asuba sai ya nufi banki ya kama layi, in Allah ya sa ya samu shiga amsar guda ce, “Alhaji a yi haƙuri muna afgired ne”. Su kuwa manoma ina ruwansu da afgired, wato sabunta manhajar kwamfutar banki? Abin da sunka sani shi ne an auna kayansu, mota ta tashi, kuɗi ba su zo ba. Akwai wani dattijo da matarshi ke kwance asibiti, ya kira ƙanena ya ce mashi “ɗana, ban zaci haka daga gare ka ba”. Ranar na ga magidanci mai 'ya'ya bakwai yana share hawaye da hannun riga. Kuɗin sun shigo daga baya, ko kwabo bai ɓace ba, amma har yau akwai manoman da ba su ba shi ko tiya guda sai sun ga kuɗi a hannu. Ba zan kama sunan bankin ba don ba shi kaɗai ba ne, duk wanda ke ƙasar nan a watannin ƙarshe na 2024 ya san manyan bankuna fiye da ɗaya sun canza manhajar da ke riƙe da asusun jama'a kusan lokaci guda, kuma mutane sun ji a jikinsu.

Mu nan Zamfara taransifa ba gayu ba ce. Mutumin Legas in wayarshi ta ƙi tura kuɗi zai taka ya shiga reshen banki na gaba, mu kuwa mafi yawan rassan a Gusau suke, kuma kowa ya san mi ake nufi da a ce mutum ya ɗauko kuɗi a buhu ya bi hanyar Ɗansadau ko ta Shinkafi da su. Mun ga Satumbar 2021 da anka kashe layukan waya a jihar nan, mun ga farkon 2023 da takardun naira sunka yi ɓatan dabo, an ce mu koma ga waya da POS mun koma. To kada ya zamana an sa mu mun saki reshe mun kama ganye.

Dalilin da ya sa abin ya fi yi mani ciwo shi ne aikina ne. Na yi shekara ashirin da 'yan kai a ɗakin kwamfuta na wani kamfani a Legas, na fara a ƙarshen shekarun 1980 ina ɗaura faifan tef ina yage takarda daga firinta a aikin dare, har Allah ya sa na shiga cikin masu kula da ita kanta uwar manhajar injin. Injin namu irin wanda ake ce ma menfirem ne, akwatuna kamar manyan firji a jere cikin ɗaki mai sanyin da sai ka sa rigar sanyi ko da waje ana narkewa. Ba kwamfutar mutum ɗaya ba ce, ɗaruruwan ma'aikata ke shiga cikinta lokaci guda, kuma har gobe manyan bankunan duniya da kamfanonin jiragen sama da na inshora da hukumomin gwamnati irinta ke riƙe da lissafinsu. Don haka kalmar afgired na san cikinta na san bayanta, kuma raina na ɓaci in na ji an mayar da ita abin toshe bakin talaka.

Bari in ɗan yi bayani ga wanda bai sani ba. Kwamfuta kamar bene ce mai hawa uku. A ƙasa akwai furosesa, ƙwaƙwalwar ƙarfe da ke aiwatar da umarni. A kanta akwai uwar manhaja, ita ce sarkin gida, ita ke cewa wane aiki zai shiga yanzu wane zai jira, ina za a ajiye kaza, wa ke da izinin buɗe kaza. Can sama sai manhajojin aiki, na albashi, na asusu, na bashi. Kowace ƙirar furosesa da yarenta na umarni, manhajar da anka gina don furosesar menfirem ta IBM in ka kai ta kan furosesar Intel ko umarni ɗaya ba a ganewa. Mahaifinmu, Allah ya jiƙan shi, ma'aikacin reluwe ne, a Ƙauran Namoda ya aje aiki, inda layin da ya taso daga Zariya ya ƙare. Wancan tsohon layin faɗinshi milimita 1,067 ne, na Abuja zuwa Kaduna da anka buɗe a 2016 kuma 1,435. Dukansu layin dogo ne amma ba ka iya ɗauko tarago daga wancan ka aza kan wanga. Sabunta manhaja a kan furosesa iri ɗaya kamar canza kan jirgi ne a layi guda. Ƙaura da uwar manhaja zuwa wata ƙirar furosesa kuwa faɗin layin za ka canza, ga fasinja cike da taragu, kuma an ce ma kada jirgi ya tsaya.

Abin da bankunanmu sunka sanar shi ne manhajar asusu sunka canza, wato hawan sama. Aiki ne babba, ban raina shi ba, amma wanda zan ba da labari ya fi shi wuya, kuma an yi shi ba sau ɗaya ba ba tare da an bar mutane suna kuka bakin ƙofa ba.

A ranar 7 ga Afrilun 1964 kamfanin IBM ya fito da jerin injuna da ake kira System/360, da alƙawarin cewa manhajar da ka rubuta ma ƙaramin cikinsu za ta yi aiki a babban. Kafin nan duk sanda kamfani ya sayi sabon inji sai ya sake rubuta komi daga farko. To wannan injin yana amfani da bit 24 (bit shi ne 0 ko 1 guda ɗaya da kwamfuta ke ƙirga da shi) wajen ba kowane gurbi na memori, wato ma'ajiyar aikin injin, lamba, ma'ana iyakar abin da yake iya kaiwa gare shi shi ne megabayit 16. E, 16, abin da ɗan gajeren bidiyo guda a WhatsApp zai iya cinyewa yau, amma a lokacin gani ake ba za a taɓa cika shi ba. Misalinshi kamar littafin rajista ne da anka bar ma lamba gurbi uku kacal, ranar da mutane sunka wuce 999 ka shiga uku.

Ga inda abin ke da ban sha'awa, kuma ina so matasanmu masu koyon rubuta manhaja su saurara. Kowane adireshi a injin, wato lambar gurbin nan, ana aje shi a wuri mai bit 32, amma 24 kaɗai ake amfani da su, saura 8 zaune ba aiki. Masu rubuta manhaja na wancan zamani memori na masu tsada, sai sunka riƙa cusa 'yan alamominsu a cikin waɗannan 8 ɗin, kamar dai mutum ya ga kango kusa da gidanshi ya ɗaure akuya ya shuka kuɓewa, shekara da shekaru ba wanda ya ce mashi kanzil. Da megabayit 16 ta yi kaɗan IBM ya zo zai faɗaɗa a 1983, sai ya tarar kangon cike da awakin mutane. Da ya ce kowa ya kwashe nashi yau yau, da dubban manhajojin bankuna da na gwamnatoci sun mutu dare ɗaya. Sai ya ɗauki bit 31 maimakon 32, ya bar guda ɗaya ta zama alama da ke gaya ma injin wannan tsohuwar manhaja ce bi da ita a tsohon tsari, waccan sabuwa ce ba ta sabon fili. Ya yarda ya yi asarar rabin filin da zai iya samu, ya tsaya a gigabayit 2 maimakon 4, don kawai kada kayan mutane su lalace. Har yau ma'aikatan menfirem na cewa abu kaza yana ƙasan layi ko saman layi, layin nan megabayit 16 ɗin ce. Uwar manhajar ma an sake ta daga MVS zuwa MVS/XA don ta iya da sabon tsari, amma tsofaffin manhajojin aiki sun ci gaba da gudu a cikinta.

Haka anka sake yi a shekarar 2000 da anka fito da injin z900 mai bit 64, uwar manhajar ta koma z/OS a 2001 bayan ta yi zamani da sunan OS/390. Nan ma ba a ce kowa ya yi tsalle rana ɗaya ba. Sabon injin yana iya tashi a tsohon tsari, sabuwar uwar manhajar ta farko farko tana iya zama kan tsohon inji, sai ka canza ƙarfe wannan shekara ka zauna ka ga lafiya, ka canza manhaja wata shekara. Sai a 2004, da fitowar z/OS 1.6, sannan anka ce daga yanzu sai inji mai bit 64, kuma an sanar tun da wuri. Kusan shekara huɗu kenan tsohon layi da sabo na shimfiɗe kusa da juna. Kuma har a injunan yau, irin z16 da ya fito a 2022, akwai manhajojin bit 24 da bit 31 da ke aiki gefe da gefe da na bit 64.

Su ma masu uwar manhajar Linux a kan menfirem sun bi ta nan. Debian, wani samfurin Linux da 'yan sa kai ke haɗawa ba kamfani ba, a da yana da nau'in bit 31 mai suna s390 da na bit 64 mai suna s390x, kuma a wajen manhaja waɗannan ƙira biyu ne daban ko da a inji ɗaya suke, ba a danna sabuntawa kawai a wayi gari an ƙaura, ko dai ka girka sabo fil ka kwaso bayananka, ko ka riƙa musanya kayan ciki ɗaya bayan ɗaya kana taka tsantsan kada ka cire tsanin da kake tsaye a kai, don kayan da kake musanyar da su su ma cikin waɗanda za a musanya suke. Mi sunka yi? Fitowar 2013 ta zo da duka biyun, sai a ta 2015 sannan anka aje tsohon. Mutanen da ba a biyan su ko sisi sun ba jama'arsu shekara biyu su shirya.

Wasu kuma tafinta sunka sa. Kamfanin Unisys ya daina ƙera furosesar kanshi ya mayar da menfirem ɗinshi kan ta Intel, ya sa wata manhaja a tsakani tana fassara tsohon yare zuwa sabo, tsofaffin manhajojin ba su ma san an canza masu gida ba. Matasa masu kwamfutar Apple sun ga irin haka a 2020 da anka bar Intel anka koma furosesar M1, Rosetta 2 ita ce tafintar. Tafinta yana rage gudu kaɗan, amma yana saya ma ka lokaci.

In kuwa ka ce barin menfirem ɗin za ka yi gaba ɗaya ka kwashe bayanai zuwa wani irin inji, to nan ne ake yin ta, kuma nan ne ni kaina na ga abin da har yau in na tuna gabana ke faɗuwa. Menfirem na IBM yana rubuta haruffa da tsarin EBCDIC, sauran kwamfutoci da ASCII ko abin da ya gaje shi. Babban harafin A a wancan lambarshi 193, a wanga 65. Ko jerawa ba ɗaya ba ce, a EBCDIC haruffa ke riga lambobi, a ASCII lambobi ke gaba, don haka fayil ɗin da ke jere daidai a can yana iya zama a hargitse a nan alhali ba abin da ya ɓace. Sannan lamba kanta, menfirem yana fara aje babban ɓangarenta, furosesar Intel ƙaramin take farawa da shi, kamar boko da ajami, wani daga hagu wani daga dama. Lamba 1 da anka aje a gurbi huɗu, in ka karanta ta ta wancan gefen sai ta zama 16,777,216. Ka ƙaddara wannan kuɗin wani ne ko bashin da ake bin shi.

A ƙarshen shekarun 1990 kamfaninmu ya yanke shawarar ɗauke lissafin albashi daga babban injin zuwa wani ƙarami mai araha. An ɗauko 'yan kwangila, yara masu ƙoƙari wallahi, sunka bi da fayil ɗin ma'aikata duka ta cikin manhajar da ke juya haruffa. Sunaye sunka fito tsaf, adireshi tsaf, kowa na murna. Abin da ba su lura ba shi ne kuɗi a tsofaffin manhajojin COBOL, wani tsohon yaren rubuta manhaja, ba a matsayin haruffa ake aje su ba, ana cusa lambobi biyu a gurbi ɗaya ne, can ƙarshe kuma a sa wata 'yar alama da ke nuna ƙari ne ko ragi. Mai juya haruffan ya ɗauka rubutu ne ya juya su. Wasu adadin sunka zama shara kowa ya gani, waɗannan ba su ba mu tsoro ba, masu ban tsoron su ne waɗanda sunka fito kamar lamba mai hankali alhali ba daidai ba ne. Abin da ya cece mu ba wayonmu ba ne, wani dattijo ne shugaban sashenmu da ya kafe kai da fata cewa ba za a kashe tsohon inji ba sai an yi wata uku ana fitar da albashi a duka biyun ana gwadawa layi bayan layi. Manya na sama suna ta matsa mashi wai ana biyan kuɗin inji biyu, ya ce a biya. Watan farko muna zaune da takardu biyu da rula da kalkuleta har ƙarfe biyun dare, sai ga sunan wata mai shara da sabon inji ya nuna bashin da take biya ya ninka albashinta. Da an kashe tsoho tun farko, da matar nan ta je karɓar albashi an ce mata ita ake bi, kuma wa zai saurare ta? Albashin watan da tsohon inji anka biya shi, ba wanda ya ji ko ƙishin ƙishin a waje, munka gyara, wata na biyu kuskure ya ragu, na uku ba ko ɗaya, sannan anka sauya.

Haka munka koyi aikin. Ko uwar manhaja za mu sabunta, ba a taɓa wadda ke aiki, ana girka sabuwar ne a wani faifai daban, a raba injin gida gida a tayar da ita a wani ɓangare da ba ruwanshi da kwastoma, a yi ta jifan ta da aikin gwaji na makonni. Daren sauyi kuma kowa ya san ƙarfe nawa ne iyaka, in lokacin ya yi abu bai daidaita ba, ba gardama ba taurin kai, a kashe a tayar da injin daga tsohon faifai a koma gida, gobe ma rana ce. Takardar yadda za a koma baya ita ake fara rubutawa kafin ta yadda za a ci gaba, kuma sai an gwada komawar da gaske an ga tana yi. Tun 1994 ma IBM ya kawo tsarin haɗa injuna har 32 su yi aiki kamar ɗaya, ka fitar da guda ka sabunta shi saura na ɗauke da kaya, ka maido shi ka ɗauki na gaba. Wannan ilimin ba sirri ba ne Malam Edita, ya girmi da yawa daga cikin masu amsa waya a bankunan nan.

Kada a ce ina nufin Turawa ba su kuskure, suna yi, har ma mai muni. A Yunin 2012 bankin RBS na Birtaniya da NatWest da Ulster Bank sun sabunta manhajar da ke tsara aikin dare a menfirem ɗinsu abin ya kwaɓe, mutane miliyan 6.5 abin ya shafa, na Ulster Bank sun yi makonni. A 2014 hukumomi sunka ci su tarar fam miliyan 56. A Afrilun 2018 bankin TSB ya kwashe kwastomominshi zuwa sabon tsari a ƙarshen mako guda, mutane sunka kasa shiga asusunsu, wasu ma na ganin asusun wasu, shugaban bankin Paul Pester ya sauka a Satumbar shekarar, a Disambar 2022 kuma anka ci su tarar sama da fam miliyan 48, ban da diyyar da sunka biya mutane. Abin da nake so a lura shi ne an yi bincike, an buga rahoto kowa ya karanta, an faɗi inda anka yi sakaci, wanda ya yi asara an biya shi. Ƙanena da ya yi kwana shida yana zarya kuma sunanshi ya ɓaci wajen mutanen da ya yi shekaru yana gina amana da su, ko saƙon ban haƙuri mai sunanshi bai samu ba.

Ni ban ce kada a canza ba. Dole a canza, tsohon inji kayan gyaranshi na ƙarewa, masu iya shi na tsufa, kamfanin Fujitsu na Japan ma ya riga ya sanar zai daina sayar da menfirem ɗinshi a 2030 ya daina kula da su a 2035, duk mai irin nasu ya san ƙaura ta kama shi. Roƙona ga Babban Bankin Najeriya shi ne kafin a bar kowane banki ya yi irin wannan ƙaura a sa shi ya nuna a rubuce yadda zai koma baya in ta ƙi, da shaidar ya gwada, da tsawon lokacin da tsoho da sabo za su yi tafiya tare. A kuma dubi kalanda ta mutanen da ke nan, ba ta hedikwata kaɗai ba. Wane ne ya zauna ya ga watan Oktoba, lokacin da amfanin gona ke shigowa kasuwa kuma duk kuɗin da manomin arewa zai gani a shekara ke motsi, shi ne ya dace? Ko ƙarshen wata da ma'aikaci ke jiran albashi? Sannan sanarwa. Ana turo saƙon imel da Turanci ana cewa an sanar, alhali wanda ya fi kowa shan wuya rediyo yake saurare. Mi zai hana a sa a gidajen rediyon Gusau da Hausa, mako biyu kafin ranar, a ce jama'a daga ranar kaza zuwa kaza kada ku dogara da mu wajen babban ciniki? Da ƙanena ya ji haka da ya jinkirta lodi ko ya ba da wani asusun, shi kenan fa. Kuma duk kuɗin da ya maƙale ya wuce ƙa'ida a biya mai shi wani abu ba sai ya roƙa ba.

'Yan uwana masu asusu, in irin haka ta same ku kada ku tsaya ga “a yi haƙuri” na baki. Ku rubuta ƙorafi, ku karɓi lambar ƙorafin, ku aje hoton alat da rasit, in ba a warware ba Babban Banki na da sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna, ku kai can. Abin da ba a rubuta ba a wajensu kamar bai faru ba ne.

Akwai kuma abin da ke damuna game da yaranmu. Ina zama da ɗaliban kwamfuta na Jami'ar Tarayya ta Gusau da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ƙauran Namoda in sun zo hutu unguwarmu, yara masu kaifin ƙwaƙwalwa, kowa so yake ya gina sabuwar manhajar waya, kuma hakan na da kyau. Amma in na tambaye su yadda lamba ke kwanciya a cikin memori, ko mi ke faruwa in ka ɗauke bayanai daga wani inji zuwa wani, sai a yi shiru. COBOL da anka ƙirƙiro tun 1959 suna ganin kayan tarihi ne, alhali a Afrilun 2020 gwamnan jihar New Jersey ta Amurka, Phil Murphy, fitowa ya yi a bainar jama'a yana neman masu iya COBOL saboda tsarin biyan marasa aikin yi ya kasa ɗaukar cunkoson lokacin korona. Wanda ya iya tsohon yare ya iya sabo ya kuma san yadda ake haye da kaya tsakaninsu ba ya rasa aiki, a nan ko a waje. Ni a shirye nike in zauna da duk yaron da ke so in koya mashi abin da na sani kyauta, ranar Asabar bayan la'asar, tun ina da sauran gani da ƙarfi.

Daga ƙarshe Malam Edita ina roƙon ka tura wakilinku ya zauna da manajojin rassan bankuna a nan Gusau da Birnin Kebbi da Sakkwato ya tambaye su, in hedikwata ta sa ranar ƙaura, kwana nawa kafin nan ake gaya masu, kuma mi anka tanadar masu su yi ma mutumin da ya taso daga ƙauye ya biyo hanya mai hatsari ya tarar kuɗinshi na rataye. A buga amsarsu mu karanta. Ƙanena yanzu ya buɗe asusu a banki na biyu, kuma duk daren da zai yi babban lodi sai ya kira ni ya ce “Yaya, ba ka ji wani banki zai yi afgired wannan makon ba?” Ni kuma ba ni da inda zan duba in ba shi amsa.

Na gode da wannan dama, Allah ya ƙara ma jarida ɗaukaka, ya ba mu zaman lafiya a jiharmu da ƙasa baki ɗaya.

Naka mai karatu kullum,
Tsohon ma'aikacin ɗakin kwamfuta,
Tudun Wada, Gusau, Jihar Zamfara.